Ra'ayin Mahaya Ya Rabu Kan Sabon Babur Ténéré 700

A shekarar 2025 kamfanin Yamaha na Japan ya sabunta babur ɗinsa Ténéré 700, wanda ya samo suna daga hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar. Tun fitowarsa a 2019 mahaya ke yaba masa saboda ƙarancin na'urori, abin da ke sauƙaƙa gyara a daji. To, yanzu an mai da totur ɗinsa na lantarki, an kuma ƙara na'urar hana taya santsi. Wasu sun ce tuƙi ya ƙara daɗi. Wasu kuwa na fargabar lalacewa nesa da gari, inda babu makaniken da ya san kwamfuta. Saboda haka wajibi ne mai saye ya fara auna hanyar da zai bi.