Ra'ayinmu: Raunin Da Ba Ya Jini

Duk wanda ya san ƙasar Bagudo, tun daga Matsinkai da Ka'oje har zuwa Illo, Lolo da Tsamiya a bakin iyakar Jamhuriyar Benin, ya san babur shi ne dokin wannan zamani. Shi ke kai malamin firamare makaranta, shi ke kai malamin asibiti ɗakin shan magani, shi ne kuma ke fito da ɗalibi bakin titi idan hutu ya ƙare. In an faɗi an karye, babu gardama: a kira mai ɗori, a ba da hutu, dangi su yi ta zuwa gaisuwa. Amma idan kai ne ya bugu da ƙasa, mutum ya tashi ya kakkaɓe riga ba jini ba karaya, sai a ce Allah Ya kiyaye gaba, washegari a sa ran ganinsa a aji ko a ofis.

To, a nan ne ɓarnar take. Ƙwaƙwalwa tana zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai, idan kai ya bugu sai ta jijjiga, aikinta ya rikice na wani lokaci. Wannan shi ne girgizar ƙwaƙwalwa. Ba lalle sai an suma ba, kuma sau da yawa hoton kai na asibiti ba ya nuna kome. Abin da ke biyo baya shi ne ciwon kai, jiri, mantuwa, saurin fushi, rikicewar barci, da ƙin haske ko hayaniya. Ɗalibi ya karanta shafi sau uku bai riƙe kome ba, malami ya ce lalaci ne. Akawu ya yi kuskuren lissafi, a miƙa masa takardar tuhuma. A gida kuwa wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu, a kira wanzami ya yi ƙaho.

Da farko dai akwai alamun da ba a jira da su: amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ake shan wuyar tayar da mutum daga gare shi, farfaɗiya, mutuwar hannu ko ƙafa, ko ruwa ko jini daga kunne ko hanci. Waɗannan suna iya nufin jini na taruwa a cikin kai. Sai asibiti nan take, daga can a tura shi Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda ake da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa.

Wanda ya tsira daga wannan fa, yaushe zai koma? A da akan ce ya kwanta a ɗaki mai duhu har ya warke sarai. Masana da suka taru a birnin Amstadam na ƙasar Holan a 2022, suka fitar da matsayarsu a 2023, sun bar wannan. Suka ce a huta kwana ɗaya zuwa biyu, a rage kallon waya da kwamfuta, sa'an nan a fara ɗan tattaki. Karatu kuma a koma masa mataki-mataki: ɗan abin da ya sawwaƙa a gida, sai aikin makaranta kaɗan-kaɗan, sai rabin yini a aji, daga nan cikakken yini. In ciwon ya tsananta a sassauta. Ƙwallo da kokawa da duk abin da zai iya jawo wani bugun, sai bayan karatu ya daidaita kuma likita ya yarda, domin bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi muni. Yawancin mutane sukan murmure cikin mako huɗu. Wanda ya wuce haka ya koma wa likita.

Watau magani yana tsakanin kwanciya da cikakken aiki, alhali kuwa tsarin makarantunmu da ofisoshinmu abu biyu ya fi sani: ko kana jinya, ko kana bakin aiki. Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai su kai wa hukumar jami'a buƙatar rubutacciyar ƙa'ida, cewa duk ɗalibin da ya kawo takardar likita a rage masa darussa na ɗan lokaci, a ɗaga masa gwaji, a ba shi damar rubuta jarrabawa daga baya ba tare da an lissafa masa faɗuwa ba. Haka kuma shugabannin sassa a ƙananan hukumomi su yarda da rabin yini da aiki marar nauyi, kada kuma a tura wanda ke jiri rangadin ƙauyuka a kan babur. Mu ɗalibai namu shi ne mu raka ɗan'uwa asibiti a ranar da ya faɗi, a rubuta abin da ya faru, mu kwafa masa darasi, mu daina yi masa dariyar raki.

Ba mu manta da rigakafi ba. Da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tilasta sa hular kwano a Janairun 2009, an ga 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a ka don su rufe bakin jami'ai. An yi dariya a lokacin, amma ƙwarya ba ta tare kwalta. Iyayen da suka sayar da shinkafa da gero suka biya kuɗin makaranta, wannan kan suke wa tanadi. Mako biyu ko uku na rangwame ba su kai asarar shekara guda ba, sannu kuwa ba ta hana zuwa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kiyaye mu a hanya, amin.