Matafiyin Zamani da Gadon Fatake

A 'yan shekarun nan wata sha'awa ta shiga zukatan samari, musamman 'yan makaranta, ta saɓa jaka a baya a shiga ƙasashen waje da ɗan guzuri kaɗan, ana tafe ana ɗaukar hoton bidiyo da wayar hannu, ana sakawa a YouTube domin jama'a su gani. Saurayin Bunguɗu ko Tsafe da ya furta wannan buri a gaban manya ba ya rasa jin cewa yawon banza ne irin na Turawa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa abin gadon Bahaushe ne tun kaka da kakanni, sai dai kuma gadon yana tafe da amanar da ya wajaba mai ɗaukarsa ya sani.

Tun kafin zuwan Turawa, fatake suna ɗaure kanwa da tufafi da fatu a kan jakuna su nufi Gwanja sayen goro, su yi watanni a hanya ƙarƙashin jagorancin madugu. Ba su san otal ba. Zango suka sani, da mai masauki wanda yake ba baƙo ɗaki, ya adana masa dukiya, ya haɗa shi da abokan ciniki. Daga waɗannan wuraren yada zango ne unguwannin Zango na Salaga da Kumasi da Akara suka samo suna. Haka kuma alhazan da suke tafiya Makka a ƙasa sukan yi shekaru suna noma da ƙodago a hanya domin neman guzuri, wasu har suka zaune a Sudan, kamar mutanen garin Mai Wurno waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Gusau ta kai Ƙauran Namoda a 1929, fita cin rani ta ƙara sauƙi ga manoman ƙasar Zamfara. Ashe ke nan tafiya mai nisa da kuɗi kaɗan ba sabon abu ba ne ga mutumin Bunguɗu.

Ba da labarin tafiya shi ma tsohon abu ne a adabin Hausa. Dorugu, yaron nan ɗan ƙasar Damagaram wanda ya bi Barth har Ingila a 1855, ya ba Schön labarin abin da ya gani da harshen Hausa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Alhaji Abubakar Imam ya ziyarci Ingila a 1943 tare da wasu 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano kuma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Abin da ya ba waɗannan ayyuka daraja shi ne marubutan sun dubi baƙuwar ƙasa da idon Bahaushe, suka auna ta da ma'aunin gida, suka bayyana ta da harshen da mutanensu suke ji. Mai tashar bidiyo a yau magajinsu ne, ko ya sani ko bai sani ba. Alƙalami ne kawai ya koma waya.

To, ina ya kamata irin wannan matafiyi ya dosa? Yawancin samari Dubai da Landan suke hange, alhali kuɗin jirgi da na biza sun fi ƙarfin ɗan talaka, balle tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Ga shi kuwa dubban mutane sun riga sun ɗauki hotunan waɗannan birane, babu wani sabon abu da zai ƙara. Hanyar kakanni ta fi sauƙi, ta kuma fi amfani. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga ƙasashen ƙungiyar ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba, in dai yana da fasfo da katin rigakafin shawara. Wanda ya bi mota ta Ikko da Kwatano da Lome ya isa Gana zai tarar da masu jin Hausa a kowace tasha, ya ci tuwo a Nima, ya yi salla a Zangon Kumasi. Idan ya zauna da dattawan can ya ɗauki hirarsu, suka gaya masa garin da kakansu ya baro da irin sana'ar da ta kai shi, ya nuna yadda Hausarsu ta sha bamban da ta Zamfara, to ya tara abin da manazarcin karin harshe da na tarihi za su daɗe suna gode masa.

Amma fa akwai hattara. Na farko, hanya ba ta da tabbas irin na takarda. An rufe iyakar Nijeriya da Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a Maris 2024, sannan Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS a Janairu 2025. Sudan kuwa ta faɗa yaƙi a Afrilu 2023. Ɗan Zamfara ba ya bukatar a gaya masa illar tafiyar dare ko bin hanyar da ba a bincika ba. Na biyu, tashar bidiyo ba ta ciyar da mai ita da wuri. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla na dogayen bidiyo sai tasha ta sami mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara guda. Wanda ya sayar da gonar gado ko ya cinye kuɗin makaranta da fatar wannan riba ya saki reshe ya kama ganye. Fatake ba su taɓa fita babu haja ba. Saurayi ma ya fita da sana'a a hannu.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, gaskiya. Mai kallon bidiyon nan wataƙila ƙanen wani ne a Kwatarkwashi ko Nahuce wanda zaman gida ya ishe shi. Idan aka nuna masa dogayen gine-gine da daɗin abinci kawai, aka ɓoye masa kwanan tasha da wulaƙancin kan iyaka da yunwar baƙunta, to an tura shi ya bi hamada ta Agadas zuwa Libiya, inda da yawa suka tafi ba su dawo ba. Matafiyi mai amana yakan faɗi nawa ya kashe, inda ya kwana, da inda aka cuce shi. Yakan kuma nemi izini kafin ya ɗora wa mutum waya a fuska, musamman mata da mabarata, domin talaucin wani ba abin nishaɗi ba ne.

Daga ƙarshe, akwai kira ga sashen Hausa. Tun da ana nazarin littattafan tafiye-tafiye a aji, ya dace a fara kallon waɗannan bidiyoyi a matsayin wani sabon reshe na adabi, a auna harshensu da salonsu, a ƙarfafa ɗalibai su yi nasu da ingantacciyar Hausa. Wanda bai sami halin ƙetare iyaka ba tukuna ya fara da gida: dutsen Kwatarkwashi da fadamun Bunguɗu da kasuwar Tsafe sun isa darasin farko, domin wanda bai iya ba da labarin garinsu ba, da wuya ya iya ba da na garin wasu.