Kafin Mu Hau Mambilla, a Duba Birki

Jama'a, 'yan ajinmu na ATBU mun yi karo-karo za mu Mambilla bayan jarrabawa, da tsohuwar Land Cruiser ɗin kawun wani. Madalla. Amma wai kuɗin sifika da tsire aka fara warewa, bakanike kuma sai in an samu ragowa. Haba!

Bauchi zuwa Gembu fa ba zuwa Yankari ba ne. Sai an wuce Jalingo, Bali, Serti, sannan hawan dutse daga Mayo Selbe, inda inji ke zafi a hawa, birki ya ƙone a gangara. A duba birki, lagireto da kuloci tukuna, a riƙe safaya biyu da fambel. In ba haka ba, wallahi ku maido min dubu 10 ɗina.