NAZARI: Manhajar waya za ta iya cike giɓin likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da kashi 75 cikin 100 na masu fama da ciwon damuwa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki ba sa samun wani magani. Babban dalili shi ne ƙarancin ƙwararru. A Najeriya, ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Wannan ne ya sa masana suka karkata ga wayar hannu, wadda ta isa ƙauyukan da likita bai taɓa takawa ba.

Abin da ake sakawa a wayar shi ne hanyar jinya da ake kira CBT, wato gyara tunani da ɗabi'a. Ana koya wa mai damuwa ko fargaba ya gane mummunan tunanin da ke yi masa kaka-gida, ya auna shi da zahiri, sannan ya koma sannu a hankali ga ayyukan da ya yi watsi da su. Da yake darussa ne a jere, ana iya zuba su cikin manhaja.

Misali mafi bayyana shi ne Step-by-Step, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara tare da ma'aikatar lafiya ta Labanon. Darasi biyar ne cikin labari mai hotuna, kuma sakamakon gwajin da aka wallafa a 2022 ya nuna ya rage damuwa a tsakanin 'yan ƙasar da 'yan gudun hijirar Siriya. Sai dai akwai abin lura guda biyu. Ba a bar majinyaci shi da waya kaɗai ba: kowane mako wani mataimaki da aka horar, wanda ba likita ba ne, yana tuntuɓarsa na kusan minti 15. Duk da haka, da yawa daga waɗanda suka fara ba su kai ƙarshe ba.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe ya ƙarfafa wannan darasi. A Pakistan, jami'an lafiya mata na karkara ne suka kai shirin Thinking Healthy ga masu juna biyu a gidajensu. A Zimbabuwe, shirin Friendship Bench na Dakta Dixon Chibanda ya dogara ne ga kakanni mata da ke zama kan benci suna sauraren masu damuwa. Sirrin nasarar duka biyun shi ne mutum amintacce mai magana da harshen majinyaci.

Nan ne ƙalubalen yake. Manhaja tana buƙatar waya ta zamani, kuɗin data, wutar caji da iya karatu, alhali mata, waɗanda damuwa ta fi kamawa, su ne suka fi rasa waɗannan. A gidan da waya ɗaya ke yawo hannu-hannu kuwa, sirrin majinyaci yana cikin haɗari. Haka kuma manhaja ba za ta wadatar ga wanda ya fara tunanin hallaka kansa ba. Wannan sai an miƙa shi ga ƙwararre cikin gaggawa.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Najeriya ta sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta buɗe ƙofar gwada irin wannan. Amma duk gwamnatin da ta sayi manhaja ba ta ware kuɗin horar da mataimaka da biyansu ba, to ta sayi guga ne babu igiya.