Hanyar sama ita ma tana da madugu

Duk mai shiga Agadas ta jirgin sama yana sauka a filin da ke ɗauke da sunan Mano Dayak, ɗan Abzin ɗin nan da ya rasu ranar 15 ga Disamba 1995, sa'ad da ƙaramin jirgin da zai kai shi Yamai wajen maganar sulhu ya faɗi cikin duwatsun Abzin. A kudancin garin kuma akwai sansanin jirage mai lamba 201, wanda Amurka ta kashe wa fiye da dala miliyan 100, ta soma aiki da shi a 2019, sa'an nan sojojinta suka bar shi a watan Agusta na 2024. Garin da ya ga wannan duka, ba abin mamaki ba ne yaransa su taso suna ɗaga kai sama. Tambayar da kan ɗaure wa iyaye kai, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati, ita ce: in yaro ya ce tuƙin jirgi yake so, ta ina ake farawa, kuma ina ake ƙarewa?

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, tuƙin jirgi hawa-hawa ne, kuma ƙa'idarsa kusan ɗaya ce a duniya. Ƙungiyar OACI, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Shikago ta 1944, ita ta tsara mafi ƙarancin abin da ake nema, kowace ƙasa kuma ta ɗora nata a kai. A Nijar, hukumar ANAC ce ke da hakkin bayar da lasisi da kuma amincewa da wanda aka samo daga waje. Matakin farko shi ne lasisin matuƙi mai zaman kansa, wanda ake kira PPL. Ana bukatar shekara 17 da haihuwa, da awa 40 ta tashi a ƙalla. Ƙasashen Turai su kan nemi 45. Daga cikin awoyin nan, 10 dole ɗalibi ya yi su shi kaɗai cikin jirgi, 5 daga cikinsu kuma a tafiyar gari zuwa gari, har da tafiya ɗaya ta kilomita 270 wadda zai sauka a filaye biyu daban-daban.

Kafin a kai nan akwai karatun aji. Darussa tara ne: dokokin sararin sama, sanin jirgi da injinsa, lissafin nauyi da mai, halin jikin ɗan Adam a sama, ilimin yanayi, sanin hanya, tsarin aiki, yadda fiffike ke ɗaga jirgi, da maganar rediyo. Yaron da ya riƙe lissafi da fizik da kyau a lise ba zai sha wuya ba. Wanda ya raina Turancin Ingilishi shi ne zai yi da-na-sani, domin mai son ƙetare iyakar ƙasa sai ya kai mataki na 4 cikin matakai 6 na wannan harshe, komai gwanintarsa a Faransanci.

Tashin farko yakan kasance cikin ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, irin Cessna 152 mai kujera biyu ko 172 mai kujera huɗu, malami yana gefen dama da nasa abin tuƙi. Ana koyon miƙewa, da juyawa, da hawa, da gangarowa, da abin da za a yi in inji ya mutu. Sauka ita ce mai cin lokaci. Galibi bayan awa 10 zuwa 20 malami kan fita ya rufe ƙofa, ya bar ɗalibi ya kewaya fili shi kaɗai ya dawo. Kowace awa ana rubuta ta cikin littafin matuƙi, malami ya sa hannu. Wannan littafi shi ne jarin matuƙi har ranar da zai bar aiki.

A nan ne iyaye da yawa kan yi kuskuren lissafi. Lasisin PPL ba ya ciyar da gida. Mai shi yana iya ɗaukar ƴan'uwa da abokai, amma doka ta hana a biya shi ladan tuƙi. Wanda ke son ya ci abinci da sana'ar sai ya kai ga CPL, lasisin matuƙin haya: shekara 18, awa 200, ko 150 a makarantar da aka amince da tsarinta, sa'an nan ya ƙara da shaidar tuƙi da na'urori cikin gajimare da ta jirgi mai inji biyu. Kujerar kyaftin a babban jirgin fasinja kuwa tana neman shekara 21 da awa 1500. Matakin farko miliyoyin sefa yake ci, na biyu kuma gomman miliyoyi. Uban da ya sayar da fili ko garke don matakin farko kaɗai, ya sayi rabin tsani.

Saboda haka tsarin da ya fi hankali shi ne a fara da likita. Ana duba ido, da kunne, da zuciya, da hawan jini, da rarrabe launi. PPL takardar lafiya mai daraja ta biyu yake bukata, CPL kuwa ta farko, wadda ake sabuntawa kowace shekara. Mai nufin sana'a ya nemi ta farkon tun kafin a biya ko dala ɗaya ga makaranta, don kada a gano matsalar ido bayan kuɗi sun tafi. Na biyu, a tabbata makarantar tana da izinin hukumar ƙasarta, a kuma tambayi ANAC a rubuce ko za ta karɓi lasisin. Na uku, a tanadi kuɗin duka tun farko. Ɗalibin da ya tsaya wata uku yana jiran saƙo daga gida, hannunsa ya yi sanyi, sai ya sake biyan awoyin da ya riga ya biya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, ina makarantun? A Yamai akwai EAMAC, makarantar ASECNA da aka buɗe a 1963, sai dai masu kula da zirga-zirgar jirage, da masana yanayi, da ƙwararrun na'urori take horarwa. Waɗannan sana'o'i ne masu mutunci, kuma ta gasar jarrabawa ake shigarsu. Mai neman tuƙi, mafi kusa da shi cikin tsofaffin makarantu ita ce kwalejin Zariya, wadda aka kafa a 1964, inda Hausa ke yi masa rana a kasuwa, Ingilishi a aji. A can Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin haya a Najeriya, ta yi karatu, daga baya ta shugabanci makarantar. Akwai kuma makarantar kamfanin jiragen Habasha a Adis Ababa, da wasu a Maroko da Afirka ta Kudu. Sauran hanya ita ce ta soja, wadda ba ta neman dukiyar uba, sai dai ƙoƙarin yaro da shekarun bauta wa ƙasa. Ta nan Ouma Laouali ta bi, ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgi a rundunar Nijar a 2015.

Duk inda aka yi karatun, sararin Agadas yana da nasa darasi. Filin garin yana bisa tudun mita 500 daga teku. Amma ranar da zafi ya kai digiri 42, iska takan yi sako-sako har jirgi ya ji kamar daga mita 1600 yake tashi: inji ya rage ƙarfi, gudu a ƙasa ya ƙaru, hawa ya yi nauyi. Shi ya sa ƙananan jirage suka fi son tashin asuba. Lokacin hunturu kuma hazo ke mulki. Sabon matuƙi da ido yake tuƙi, kuma ƙa'ida ta gama-gari ita ce ya iya hangen kilomita 5; ranar da ba a ganin hasumiyar babban masallaci daga bakin gari, lasisinsa bai ba shi ikon tashi ba. Ga kuma nisa: Arlit kilomita 240 ne a mota, Tawa wajen 400, Damagaram wajen 450, gabas kuwa sai Tenere. Filin da za a karkata a sauka in abu ya ɓaci ba ya kusa, don haka lissafin mai da guzurin ruwa sun zama maganar rai da mutuwa. Thierry Sabine, wanda ya ƙirƙiro tseren Faris zuwa Dakar, ya san hamada ƙwarai, amma jirgi mai saukar ungulu da ke ɗauke da shi ya faɗi a Mali ranar 14 ga Janairu 1986, cikin ƙura da duhun magariba.

Mutanen Abzin ba baƙin wannan tarbiyya ba ne. Ayarin gishirin Bilma ba ya miƙa ragama ga yaro don ya iya hawan raƙumi. Sai ya bi madugu shekara da shekaru, ya san taurari da rijiyoyi, ya kuma san ranar da ake cewa yau ba tafiya. Matuƙin kirki ma da wannan kalma ake gane shi.

Bukatar kuwa a fili take. Jahar Agadas ta fi rabin faɗin Nijar. Marar lafiyar Dirku ko Iferwan da za a kai Yamai, da feshin fara irin na 2004, da safarar ma'aikatan ma'adinai, duk aikin ƙananan jirage ne. Tun rushewar Air Afrique a 2002, ƙasashen yankin suka rasa babbar hanyar da ke horar musu da matuƙa. Attajiran da ke da motocin Libiya da Aljeriya, da majalisun jaha, da kamfanonin da ke haƙar arzikin Abzin, suna da ikon haɗa asusun da zai ɗauki yaro biyu ko uku a shekara, ta hanyar jarrabawa a bainar jama'a, da sharaɗin su dawo su yi wa jahar aiki. Fili yana nan, yara masu bak suna nan. Saura masu ɗaukar nauyi.