Wa Ke Jinyar Masu Jinya a Anka, Gummi da Bukkuyum?

A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Duniya ta yaba wa ƙungiyar likitoci ta MSF, kuma ta cancanta. Amma hannuwan da suka riƙa lalubar jijiya a jikin yaro mai jijjiga, suna ɗura masa magani dare da rana, akasarinsu na malaman jinya ne 'yan ƙasar nan.

Har gobe su ne a wurin. A Janairun 2022 'yan bindiga suka yi wa mutanen Anka da Bukkuyum kisan gilla, a daminar 2024 ruwa ya ci gidaje a Gummi, tamowa kuwa ba ta barin gadon yara babu kowa. Nas ɗin da yaro ya cika a hannunta da asuba, ita za ta karɓi wani da hantsi. Ranar hutu ta zo, ta tsaya tunanin ko hanyar gida za ta biyu. In ta ce ta gaji, sai a ce mata, "Sista, haƙuri, ai aikin lada ne."

Lada na wurin Allah. Hutu da abokin canji da alawus kuwa hakki ne a wuyan wanda ya ɗauke ta aiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wariya. Mai uwa a gindin murhu yana zaune a birni, marar kowa a tura ta ƙauye, har wasu na ɗaukar turawar a matsayin horo. Bita ta zo, ko gurbin ƙaro karatu, sai labari ya iske ta bayan an rufe sunaye. Ita ta san daren da aka fi kawo masu rauni da maganin da ke fara ƙarewa, amma wa ke tambayarta?

A 2024 hukumar rajistar nas-nas ta ƙasa ta ce nas-nas fiye da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku, a Yulin 2025 kuma ƙungiyarsu ta shiga yajin aikin gargaɗi. Gwamnan jihar, Dauda Lawal, ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya. To, ta kai ga masu aikin dare: a ƙayyade wa'adin zaman ƙauye ya zagayo kan kowa, a ba su masauki cikin harabar asibiti, a ware wa nas kujera a inda ake tsara jadawalin aiki.