Kan tiyon da ya ɓace: gyaran tsohon famfon mai a Bompai da Sharaɗa

Manyan masana'antun Kano ba su cika dogara da gidajen mai na bakin titi ba. Kamfanin da ke da motocin dakon fata ko yadi ko gyaɗa yakan binne tankinsa a farfajiya, ya kafa famfo ɗaya kusa da ƙofa. Da masana'antu suka fara durƙushewa bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ga matsalar lantarki, ga kwararowar kayan waje, sai aka rufe ƙofofi da yawa a Bompai da Sharaɗa da Challawa, famfunan suka zauna cikin ciyawa. Gangar jikinsu ƙarfe ne mai nauyi da aka ɗaure a kan siminti, shi ya sa wasu suka tsira. Abin da ba ya tsira shi ne kan tiyo, wanda makanikai ke kira nozul. Na da can tagulla ne, yana shiga jaka, kuma 'yan gwangwan sun fi ba tagulla daraja a kan sikeli.

Saboda haka wanda ya samu irin wannan famfo yana so ya farfaɗo da shi, kusan kullum da wannan giɓi zai fara cin karo. Hanya mafi sauƙi a bayyane take: a sayo sabon nozul na alminiyam mai rigar roba, a murɗa, a shafa fenti. Wannan kuskure ne, kuma ba na ado kaɗai ba.

Famfon mai yana da zamani, zamanin kuma a rubuce yake a jikinsa. Na shekarun 1920 yana da tulun gilashi a sama. A tuƙa hannu mai ya hau, mai saye ya gani da idonsa, sannan a sake shi ya gangaro da nauyinsa. Kansa bai wuce bututun tagulla da maɓalli ba. A 1933 kamfanin Wayne na Amurka ya fito da famfo mai lissafa kuɗi da kansa. Shi kuwa kan da ke tsayar da mai da zarar tanki ya cika, daga baya ya yaɗu. Dabararsa ƙaramar kafa ce a bakin bututu: gudun mai yana zuƙo iska ta cikinta, idan mai ya taso ya toshe ta sai zuƙar ta ja wata 'yar fata a ciki, maɓalli ya saki. Wannan dabara tana buƙatar mai ya zo da ƙarfi. Famfon gilashi ba shi da wannan ƙarfi, don haka ɗora masa irin wannan kai ya saɓa wa yadda aka ƙera shi ya yi aiki.

Akwai kuma faɗin baki. A Amurka, da motoci masu tace hayaƙi suka shigo a 1975, an ƙuntata bakin nozul na fetur marar darma zuwa kimanin milimita 21, na mai darma ya tsaya a kimanin 24, don kada a zuba wanda bai dace ba. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba su gama rabuwa da fetur mai darma ba sai farkon 2006. Siririn baki a jikin famfon da ya yi aiki a Kano zamanin fam da sule, shaida ce ta ƙarya.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen haƙoran murɗi, tiredi a bakin masu sana'a. Kayan Ingila, irin su Avery-Hardoll da Beckmeter, suna bin ma'aunin Birtaniya, inda kusurwar haƙori take digiri 55. Ma'aunin Amurka digiri 60 ne. A bututu mai faɗin kashi uku cikin huɗu na inci, dukansu haƙora 14 ne a kowane inci, saboda haka na Amurka yakan shiga na Ingila zagaye biyu ko uku kamar ya dace, sannan ya cije. A nan ne mai gaggawa yake ɗauko babban sifana. Tagulla tana da taushi. Haƙoran da suka shekara sittin lafiya sukan lalace cikin minti guda. A bututu mai inci ɗaya bambancin ya fi fitowa, 11 da 11 da rabi. Sunan kamfani ma ba ya wadatarwa, domin Wayne da Gilbarco sun ƙera famfo a Ingila kamar yadda suka ƙera a Amurka. Awo ne kaɗai abin dogaro. Haka nan maratayar da ke gefen famfon lantarki: rataya kan tiyo shi ke kashe mota, kuma an yanka gurbin daidai da siffar wani kai na musamman. Wanda bai zauna daram a ciki ba, ba nasa ba ne.

Mai gyara na ƙwarai yakan fara da karanta famfon kafin ya taɓa shi. Farantin da ke ɗauke da sunan maƙeri da lambar samfuri yana nan a ƙasa ko a cikin murfi. Fuskar lissafi tana faɗin ko galan take ƙirgawa ko lita, kuma galan na Ingila lita 4.546 ne, na Amurka 3.785. Idan tana nuna sule da kwabo, ta riga 1 ga Janairun 1973, ranar da naira ta fara aiki. Fenti ma littafi ne idan aka kankare shi a hankali: ƙarƙashin launin AP ana iya tarar da koren BP, wanda gwamnatin Obasanjo ta karɓe kadarorinsa a 1979, ƙarƙashin Unipetrol, Esso, ƙarƙashin National, Shell.

Za a ce duk wannan fitina ce a kan abin da ba zai sake zuba ko lita ɗaya ba, a garin da masana'antunsa masu rai ma ke neman numfashi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Amma Kano ta adana tarihin sarauta a Gidan Makama, ta adana na Turawan mulki a Gidan Ɗan Hausa, ba ta tanadi wani wuri irinsu ga zamanin masana'antu ba, alhali shi ya ciyar da dubban gidaje a Dakata da Kawaji da Tudun Murtala. Dalar gyaɗa ta tafi, hoto kawai ya rage. Idan famfo ɗaya ne zai wakilci wannan zamani a gaban ɗalibi, bai kamata rabinsa ya zama na 1960 rabinsa na bara ba, ba tare da an faɗa ba.

Neman na asali yana farawa a Ƙofar Ruwa da wuraren 'yan gwangwan, da ma'auni a aljihu da hoton maratayar. Tsofaffin makanikan famfo da suka yi wa kamfanonin mai aiki sun fi kowane kundi sanin wane kai ke tafiya da wane famfo, kuma suna ƙarewa. Idan aka samu na zamanin amma haƙoransa suka saɓa, mai injin sassaƙa ƙarfe zai iya yanka mahaɗi na tagulla mai fuska biyu, a bar haƙoran asali yadda suke. Idan ba a samu ba, maƙeran tagulla na iya zuba kwafi daga wanda aka aro, da sharaɗin a buga shekarar ƙira a jikinsa, kuma kada a taɓa bi da mai ta cikinsa, tun da zubin hannu yakan bar ƙananan kafofi. In duk hanyoyin nan sun toshe, a bar maratayar babu komai, a rubuta a ƙaramin allo cewa kan tiyon ya ɓace, da irin wanda ake nema.